Garmar da Baba Ya Gyara

Shekarata ta uku ina aikin lodi a wani sito a Al Quoz, cikin Dubai, na fara jin ƙarar. Ranar Asabar ce, muna shirya kwalaye, sai wani inji ya tashi a siton da ke manne da namu, yana tari yana haki. Nan take na gane ta, domin da wannan ƙarar na girma.

Na leƙa, na tarar da wani dattijon Bature, injiniya ne a wani kamfani, hannunsa duk baƙin mai, tsaye gaban ƙaramar tarakta mai launin toka. Irin ta Babanmu ce sak, wadda ya yi noman haya da ita tun kafin a haife ni, wadda yanzu take zaune a ƙofar gidanmu kaji na kwana a ƙarƙashinta. Famfon dizal ɗinta ne ya mutu, aka neme shi a Kano har aka gaji.

Muka saba da Baturen. Ya ce a ƙasarsu gasa ake yi ta huɗa da tsofaffin taraktoci, kuma ita yake shirin shiga idan ya yi ritaya. A gonar wani abokinsa a Hatta yake gwaji. Na yi dariya, don ban taɓa jin mutum ya kashe dukiya kan huɗar da ba za a shuka komai a cikinta ba. Ya ce dokarsu mai tsanani ce: garma sai ta zamanin taraktar, yadda ta fito daga masana'anta, ba ƙari ba canji. Ita ce ta gagare shi samu, sufurinta kaɗai daga Turai ya isa ya sa mutum ya haƙura.

Na ce muna da ita a gida. Na nuna masa hoto a waya, ta yi tsatsa, bakinta ya cinye. Ya daɗe yana kallo, sannan ya buɗe wani akwati ya nuna mini famfon dizal, ajiyarsa ta ko-ta-kwana. Ya ce in kawo garmar, ya ba ni famfon.

Baba a lokacin ciwon ƙafa ya zaunar da shi, numfashinsa ma ba daidai ba. Da na gaya masa a waya, muryarsa ta canza. Ya ce garma ba wuya, zai ari ta maƙwabta, shi dai ya ji taraktar ta tashi ko sau ɗaya ne, ya zaga gonar bayan gari kafin damina. Maigidana na wurin aiki ya taimaka aka samu gurbi a kwantenar wani ɗan kasuwa mai kawo citta. Muka zauna jira.

Ranar da aka sauke garmar ban gane ta ba. Ja ce wur, tana ƙyalli. An kankare tsatsar duka, an cire tsohon bakin an ɗora sabo da aka yanko daga ƙarfen sifirin na ƙarƙashin tirela, an bi kowace gaɓa da walda. Na kira yayana raina a ɓace.

"Wa ya ce ku taɓa ta?"

"Baba ne," in ji shi. "Ya ce ba za a kai wa baƙo kaya a lalace a ce daga gidansa ya fito ba. A baro muka riƙa tura shi wurin mai walda, yana zaune cikin rana yana nuna masa inda zai bi."

Haka muke a gidanmu, ko kwano maƙwabci ya zo aro sai an goge shi kafin a miƙa.

Baturen ya durƙusa ya bi waldar da yatsa a hankali. Ya ce aiki ne mai kyau, a ƙasa mai tauri ma za ta fi ta asali ƙarko, amma alƙalan gasa ba za su bar ta ta shiga fili ba. Ya ba ni haƙuri, na kuma ga da gaske yake. Akwatin famfon dai bai buɗe ba, ni ma ban roƙa ba. Na ji haushinsa, har yau kuma ban iya cewa ya yi laifi.

Bayan la'asar Baba ya kira da kansa.

"Ta iso? Ya ga aikin?"

"Ya gani, Baba. Ya yaba ƙwarai. Sai dai dokarsu ba ta karɓar abin da aka gyara."

Sai ya ce:

"To su idan abu ya tsufa, zuba masa ido suke yi ya mutu?"

Na ce haka dokar take.

"Shi ke nan. Ka dawo mini da kayana."

Kwantenar da za ta tafi gida ba ta cika ba sai bayan damina ta faɗi. Kafin nan an yi jana'izar Baba, ina nan Dubai ina jiran biza ta fito daga sabuntawa. Yayana ya ce har makon ƙarshe yana tambaya ko jirgin ruwan ya taso.

Garmar tana bayan sitonmu, na lulluɓe ta da tamfol. Duk lokacin da ake lodi maigidana yakan ce akwai wuri, in ce masa a bari sai na gaba.