Yaya Alkasim da Kunyar 'Yar Fari

Yayana Alkasim mutum ne da in ka ba shi ajiyar allura, bayan shekara goma zai maido maka da ita har da zarenta. Amma taurin kai, sai dai a yi shiru. Ni Safiatou, ƙanwarsa uwa ɗaya uba ɗaya, na fi kowa sani, don ni kaɗai nake iya duban idonsa in faɗa masa gaskiya, ko ya ji ko kada ya ji.

A 1993 ya baro Damagaram ya ƙetare teku da jaka ɗaya da lambar wayar wani ɗan unguwarmu a bayan ambulan. Aikinsa na farko wankin kwanuka ne a unguwar Soundview ta Bronx, a wani gidan abinci irin wanda suke ce wa diner, na wani tsoho Bagirke. Daga nan ya koma sayar da huluna da agogo a bakin titi, har Allah ya hore masa tasi. Ya fi shekara ashirin yana bin layi a filin jirgin sama na JFK, yana jiran masu saukowa daga jirgin Accra. Tun yana wankin kwanuka ya aika aka kawo matarsa Zeinabou, daga baya ni ma ya jawo ni na buɗe shagon kitso. A gidansu na Morris Heights, inda jirgin ƙasa lamba huɗu ke girgiza taga in ya wuce, suka raini 'ya'yansu biyu.

Ta farin ita ce Firdaoussi, kuma tun da na zo ƙasar nan ban taɓa jin sunanta a bakinsa ba. Kunyar ɗan fari ce. Haka muka taras a gida: uba ba ya kiran sunan ɗan farinsa, ba ya wasa da shi, ba ya yabonsa a gaban mutane. Shi kansa Yaya ɗan fari ne, kuma har mahaifinmu ya koma ga Allah "kai" yake ce masa. Abin da Yaya ya manta, a gida akwai kaka. Kakarmu ce ta ɗauke shi tun yaye, ta shagwaɓa shi, ta kira sunansa safe da yamma har da kirari. To a Bronx wace kakar? Zeinabou ta ajiye tata kunyar tun a asibiti da makaranta, inda dole ne uwa ta faɗi sunan 'yarta. Shi kuwa ya riƙe tasa gam. Daga "ke" sai "waccan" sai "yayar Rilwanu". Rilwanu ƙaninta kuwa, sau ashirin ake kiransa a yini, a ɗora shi a wuya a tafi masallaci.

Yarinya ta tashi tana ganin ubanta ba ya son ta. Na yi mata bayani har bakina ya gaji. Kanta ya gane, zuciyarta ta ƙi. Na same shi na ce, "Yaya, yarinyar nan fa ba a Damagaram take ba." Ya ce, "Safiatou, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba." Haka yake rufe mini baki da karin magana, in tashi raina a ɓace.

Bara ta sami aikin nas a Houston. Ina mata kitso ta ce mini, "Gwaggo, in na tafi ban ga abin da zai dawo da ni gidan nan ba. Mama tana iya zuwa can ta gan ni." Na san jinin wa ke jikinta. In ta ce ta bari, ta bari ke nan.

Ranar Lahadi, saura kwana biyu ta tafi, Yaya ya ce kowa ya shirya da azahar, zai kai mu cin abinci. Mutumin da ko shayi ba ya sha a waje. Muka shiga tasinsa mu biyar, ya ja mu har ƙofar tsohon wurin aikinsa.

Bagirken ya daɗe da rasuwa. Wasu matasa ne suka sayi wurin, suka mai da shi irin na zamanin kakanninsu da gangan: jajayen kujeru masu sheƙi, daɓe baƙi da fari, hotunan tsofaffin motoci a bango, akwatin waƙa da ake jefa wa kwabo, masu kai abinci da 'yar hular takarda a ka. Yaya ya tsaya yana dubawa, ya yi dariya.

"Dā tsoho ne muna gogewa don ya yi kamar sabo," ya ce. "Yanzu sabo ne suna shan wahala ya yi kamar tsoho."

Ranar bakinsa ya buɗe. Ya nuna mana kusurwar da bututun ɗumi yake, inda ya gasa hannuwansa a sanyinsa na farko har ya yi ƙwalla. Ya ba mu labarin kwalin da yake shimfiɗawa a bayan firji ya yi salla, da yadda tsohon ke ajiye masa burodi da ƙwai in azumi ya zo, yana duba agogo yana ce masa lokaci ya yi. Da yarinyar da ke kai abinci ta zo, shi ya yi mana oda, ya ja mata kunne a kankare kasko tas kafin a sa mana komai, don ya san har naman alade ake soyawa a kai. Aka kawo ƙwai, soyayyen kifi, dankali, da fanke manya-manya da zuma. Rilwanu ya ba shi madararsa mai ƙanƙara ya kurɓa, ya ce wannan ai fura ce da aka manta gero. Wallahi na ji daɗi, na ga Yayana na dā, wanda yake sa mu dariya a zauren gidanmu.

Ana cikin ci ya ce, "Ke, miƙo gishiri."

Firdaoussi ta ajiye cokalinta. Kullum da Turanci take amsa mana, amma ranar ta tattaro 'yar Hausarta.

"Baba, jibi zan tafi. Ka san sunana kuwa?"

Zeinabou ta sunkuyar da kai. Rilwanu ya daina tauna. Ni kuwa na ce a raina yau ake yin ta.

Yaya ya daɗe yana kallon ƙofar kicin. Sannan ya ce, "Kin ga ƙofar can? Ranar sunanki da hantsi aka watse, da azahar na zo aiki. Tsohon ya tambaye ni me aka sa wa jaririya. Na duba dama da hagu, babu Bahaushe ko ɗaya, sai na faɗa masa. Bai iya ba, na sake. Mai suya ma ya ce in maimaita masa. Daga ranar, in na tsaya a wurin wanki, ruwa na zuba, ba mai jina, sunan nake ta faɗi. Ni na zaɓe shi tun ina Damagaram, tun ban auri uwarki ba."

Idonta ya cika, amma ba ta sauko ba.

"Kwanuka sun ji, Baba. Ni ban ji ba."

Na take masa ƙafa a ƙarƙashin tebur da duk ƙarfina, ban duba girmansa ba. Ya cire hula, ya shafa kai, ya mayar. Gumi ya tsattsafo masa a goshi. Na ji tausayinsa har raina, don na san ji yake kamar mahaifinmu na zaune a kujerar baya yana saurare. Bai iya dubanta ba, tebur ya duba.

"Firdaoussi," ya ce, can ƙasa-ƙasa.

Shekara ashirin da takwas tana jira, da abin ya zo ta rasa yadda za ta yi da shi. Sai da Zeinabou ta taɓa mata gwiwar hannu ta ce, "Amsa mana, ubanki na kira."

"Na'am, Baba."

Shi ma bai tanadi abin da zai faɗa bayan nan ba. Can ya ɗago kai ya dube ta.

"In kin sauka ki buga mini waya," ya ce. "Ni za ki kira, ba uwarki ba."