Yinin da Gaisuwa ta Cinye

Abubuwa da yawa sun fita daga kaina, wasu ma ni na kore su da gangan. Amma yinin da na yi da Baffana a Zariya, wannan sai dai a binne mu tare. Ni ba mai dogon karatu ba ne, daga allo sai ajin yaƙi da jahilci, saboda haka yadda abin ya faru kawai zan faɗa.

Lokacin ba a daɗe da samun mulkin kai ba. Muna zaune a wani ƙauye na ƙasar Makarfi, sana'armu noman rake da dafa mazarƙwaila. Baffa ƙanen mahaifina ne, shi ya riƙe ni, shi ya yi mini aure. Sai idonsa ya fara lalacewa. In rana na tsaka yana ganin abin da ke gabansa, kamar mai leƙe ta hudar zana. Da ta yi sanyi kuwa shi ke nan, sai lalube.

Muka bi motar da ke ɗaukar mazarƙwaila zuwa asibiti. Likita ya duba, ya ce ba yanar ido ba ce balle a cire, daga ciki abin yake ci, ɗan ganin da ya rage ma ba zai daɗe ba. Baffa ya ce Allah ya sa hakan shi ne mafi alheri, ya lalubi takalmansa muka fito. Motarmu kuma sai jibi za ta koma. Ga mu da yini guda cur, ba aikin fari ba na baƙi.

A zauren dillalin da ya sauke mu a Sabon Gari aka yi mana caa da shawara. Wani ya ce mai yini ɗaya ya fara da ganuwa da ƙofofin birni. Wani ya ce ƙasa ce fa aka tara, me ɗan ƙauye zai gani a ƙasa, mu je kantunan Turawa mu ga fitila da rana. Wani tela ya rantse duk wanda bai hau dutsen Kufena ba bai zo Zariya ba, aka yi masa dariya, aka ce shi da kansa yaushe ya taɓa hawa. Baffa dai murmushi yake yi. Sai da aka watse ya jawo hannuna, ya yi ƙasa da murya kamar mai neman bashi.

"An ce akwai filin jirgi a hanyar Samaru. Ni tun da nake, a sama nake hango shi kamar shirwa. So nake in ga yadda yake zama a ƙasa."

Tun tasowata ban taɓa jin mutumin nan ya ce yana son wani abu don kansa ba. Na ce in Allah ya yarda gobe zai gani.

To amma akwai saƙo. Kowa ya san ba a fita daga ƙauye hannu rabbana. Wannan ta ba mu daddawa a kai wa 'yarta da ke aure a Tudun Wada, wancan ya ba mu man shanu na wansa da ke cikin birni. Kuma in ka shiga gidan wani ka tsallake na wani, labarin zai riga ka isa gida. Muka ce bari mu sauke nauyi da sassafe, hantsi ya yi mana a filin jirgi. Ban lura ba, gidajen suna kudu, filin yana arewa.

Gidan farko aka shimfiɗa tabarma. Ina kwana, ina gajiya, ya aka baro mutanen gida, ya rake, ya mai jiki. Aka bi mutanen garinmu ɗai-ɗai, har da waɗanda suka mutu ba a sani ba, aka tsaya aka yi musu addu'a. Aka kawo koko da ƙosai. Mai gidan ya ji muna da yini guda, ya gyara zama ya tsara mana: mu fara da marina, mu ɓulla kasuwa, mu yi azahar a babban masallaci. Ya ba mu hanya tiryan-tiryan, amma bai ba mu hanyar fita daga zaurensa ba. A gida na biyu aka ce tuwo na kan wuta, wanda ya tafi bai ci ba ya raina su. Nan kuma muka ji an yi rasuwa a gidan surukan wani ɗan garinmu. Wa zai ji wannan ya wuce?

Ina zaune a gefen tabarma ina duban inuwa tana tafiya, so nake mu tashi. Amma a tarbiyyarmu yaro ba ya tashin babba. Jira nake Baffa ya ce mu tafi. Shi kuwa yana ta amsa gaisuwa, yana murza kan sandarsa. Ya juyo ya tambaye ni rana ta kai ina, na ce da sauranta. Can ya sake tambaya, na sake ce masa da sauranta. Ni a wautata lokacin salla yake nufi.

Ba mu kuɓuta ba sai bayan la'asar. Na riƙe masa sanda muna sauri, yana tuntuɓe, bai ce in rage ba. Muka samu wata motar itace ta rage mana hanya. Ko da muka isa, rana ta yi ja ta kwanta a kan itatuwa. Mai gadi ya ce shiga kam babu, amma mu tsaya a bakin waya, ga jirgi guda can a ajiye.

Ni na gan shi sarai. Ɗan ƙarami ne, fari, bai fi jifa ba tsakaninmu. Baffa ya kama waya da hannu biyu, ya kafa fuskarsa, yana juya kai a hankali yana neman hudar nan da yake gani ta ciki. Gefen da yake kallo ma ba nan jirgin yake ba. Na juya masa kai da hannuna. Ya daɗe, sannan ya ce in gaya masa. Na ce yana da fiffike biyu a miƙe, ba ya naɗe su, da wani abu a hanci kamar muciya, da ƙafafu na taya. Ya tambayi ƙafa nawa, na ce uku.

"Ashe murhu ne," in ji shi. Har mai gadi ya yi dariya. Ni ban iya ba.

A hanyar komawa na kasa haƙuri, na ce Baffa, ai da ka yi magana tun a gidan farko da mun tashi. Ya tsaya cak.

"Ni da furfurata zan ce wa mai gida ya riƙe tuwonsa, za ni kallon jirgi? Kai nake jira. Kai yaro ne. In ka yi rashin kunya, ni zan ba da haƙuri a wuce wurin."

Bai ƙara ta da maganar ba, ko a gida. Na ce za mu dawo in an gama matsar rake. Kafin a gama, ko fitila aka kai masa fuska sai dai ya ji zafinta. Ya yi shekaru bayan haka, ni nake jansa masallaci. Mutanen da muka kai wa saƙo kuwa, wasu ko ranar jana'izarsa ban gan su ba. Ban ce sun yi laifi ba. Tuwo suka ba mu.

Yanzu ni ma gemuna ya fara fari, kuma ga abin da na koya. Kunya ado ce, amma akwai ranar da take cin amana. Babba sau ɗaya yake faɗin abin da ransa ke so, sauran sai dai ya tambaye ka rana ta kai ina. In baƙo ya ce mini yini ɗaya gare shi a birni, ba na lissafa masa ganuwa da kasuwa. Tambayarsa nake me ya fi so ya gani, in ce ya fara da shi tun da safe. Masu gaisuwa su yi fushi. Fushi yana hucewa.