Fayil Ɗin Yayata Ya Ce Tana Warkewa

Ko na tsufa na rikice, ba zan manta ranar da na tsaya a tagar ɗakin fayil na wani asibiti a Jos ana karanta mini abin da aka rubuta a kan yayata ba. Shekaru sun wuce, amma har yau in na tuna sai zuciyata ta tafasa.

Yayata malamar firamare ce, ni kuma ɗinki nake yi, gida ɗaya muke a Jos Jarawa. Mace ce mai kazar-kazar, sai ga wani zazzaɓi ya kwantar da ita. Zazzaɓin ya tafi, ƙarfinta bai dawo ba. Ba gajiya irin tawa da taku nake nufi ba. In ta share tsakar gida yau, gobe da jibi tana kwance kamar an lakaɗa mata duka. Ta yi barci ta tashi kamar ba ta runtsa ba. A aji kuma sai ta tsaya tsakiyar darasi ta manta me take cewa. Aka gwada jini, aka gwada fitsari, aka ɗauki hoto, komai lafiya lau. Maƙwabta kuwa me za su yi in ba surutu ba? Wasu suka ce ƙyuya ce, wasu suka ce jifa.

Wata tara muna zuwa wurin likita ɗaya. Shi da bakinsa ya gaya mana cewa ciwo ne na gaske, ciwon gajiya mai daɗewa, har ya faɗi sunansa da Turanci. Ranar Yaya ta yi murna, don ko ba komai abin ya samu suna.

Ana nan sai takarda ta zo daga wurin aikinta. Kwamitin likitoci zai duba rahoton asibiti. In rahoton bai tabbatar da ciwon ba, za a ɗauka guje wa aiki take yi, a sallame ta. Shekara goma sha tara tana koyarwa fa! Na ce, "Yaya, kwantar da hankalinki, ai likita ya riga ya faɗa." Na hau Keke mai ƙafa uku na tafi karɓo rahoton ina ta baza hanci.

Matar da ke ɗakin fayil dattijuwa ce mai tabarau. Ta miƙo mini rahoton, na ga wata lamba da 'yan kalmomi. Na ce, "Anti, wannan lambar ita ce ta ciwon?"

Ta ce, "Wannan lambar gajiya ce kawai, irin wadda kowa ke yi. Kowane ciwo da lambarsa, ita muke sa wa a kwamfuta, ita kwamiti ke dubawa. Ciwon da kike faɗa lambarsa daban ce."

"To ki sa ta mana!"

"'Yar'uwa, ni ba na jin abin da likita ya faɗa a ɗakinsa. Abin da ya rubuta nake bi. Bai rubuta sunan ciwon ba ko sau ɗaya. Kuma kafin a yarda da shi, sai fayil ya nuna an yi aƙalla wata shida ana fama ba sauƙi." Ta buɗe fayil ɗin tana bin shafukan da yatsa tana fassara mini. "Nan ya ce mara lafiya ta ce ta samu sauƙi. Nan ma haka. Nan ma."

Shafi tara, duk magana ɗaya. Sai a lokacin na gane abin da ya faru. Duk zuwan da muka yi, likita zai ce, "Malama, yaya jiki?" Yaya kuma, wadda na riƙo ta muka hau matakala tana haki, za ta ce, "Da sauƙi, mun gode Allah." Shi kuma ya duƙa ya rubuta. Gaisuwa ce ya mayar da ita sakamakon gwaji!

Ban san lokacin da na faɗa ofishinsa ba, nas tana bina tana cewa ba layina ba ne. Na ce, "Likita, don Allah a wane gari aka haife ka? Wa ka taɓa gaisarwa a garin nan ya ce maka babu sauƙi? Wanda ke gargara ma da sauƙi zai ce!"

Ko ɗago kai bai yi sosai ba. Ya ce, "Madam, abin da mara lafiya ya faɗa nake rubutawa."

"To abin da kai ka faɗa fa? Sunan ciwon, me ya hana ka rubuta shi?"

Wai yana jira ne ya ƙara tabbatarwa. Wata tara! Na roƙe shi ya gyara, ya ce ba a taɓa rubutun baya, laifi ne. Ya rubuta sabuwar takarda mai layi uku, amma kwamiti ya ɗora ta a kan shafuka taran nan ya ga ba su jitu ba. Aka sallami Yaya.

Na daɗe ina tsine wa mutumin nan a raina. Amma akwai wadda na fi jin haushinta, ni kaina. Duk zuwan nan tara ina zaune a gefenta. Har nakan taya ta: "E, likita, da sauƙi." Ni da nake yi mata wanka ranar da ta kasa ɗaga hannu.

Daga baya muka koma wurin wata likita a wani asibiti, aka buɗe sabon fayil. Kafin mu shiga na ja kunnen Yaya. Likitar ta ce, "Yaya jiki?" Yaya ta dube ni, ta dubi ƙasa. Can ta ce, "Babu sauƙi." Sai ta fashe da kuka tana cewa Allah ya yafe mata, kamar ta yi saɓo. Likitar ta rubuta, ta juyo da fayil ɗin ta karanta mana. Bayan wata shida ciwon ya samu sunansa da lambarsa a takarda, amma ajin Yaya tuni an ba wata.

Abin da na koya ke nan: godiya ta Allah ce, a yi masa ita a gida da wurin ibada. A gaban likita kuwa a faɗi ciwo yadda yake, kuma kada a tashi sai an ji abin da ya rubuta. Ranar da za a yanke maka hukunci ba ka cikin ɗakin, fayil ɗinka ne zai yi magana.