Hancin Kawu Mai Zuma

Kawuna mai zuma bai taɓa yarda da maganar da ta shigo ta kunne ba. In rediyo ya ce za a yi ruwa, sai ya fita tsakar gida ya ɗaga hanci sama, ya dawo ya ce, "Ƙarya yake." Abin haushin, sau da yawa shi ke da gaskiya. Da hanci yake gane amyar da zumarta ta nuna, da shi yake gane maganin da ya tsufa a kanti. Har saurayin da ya zo neman 'yarsa sai da Kawu ya matsa kusa da shi ya ja numfashi, sannan ya ce a ba shi kujera.

A shekarar da annobar tari ta shigo mana, a ita gobarar daji ta taso daga bayan tsaunuka. Kwamitin gari ya ɗora lasifika a kan mota, kullum ana zagayawa da sanarwa: kowa ya zauna a gida, a rufe baki da hanci, wanda ya daina jin wari ko ƙamshi ya kai kansa asibiti, alamar cutar ce. Kawu ya yi dariya har da buga cinya. "Cuta mai satar hanci! Wa ya zauna ya ƙirƙiro musu wannan?"

Ana nan sai motar ta dawo da sabon zance: wuta ta tsallako rafi, mutanen gefen daji su koma makaranta yanzu-yanzu.

Na ari a-kori-kura na je ɗaukarsa, shi da Inna matarsa. Sama ta yi jawur, idona sai ruwa yake. Inna ta riga ta ɗaure kayanta. Kawu kuwa yana kan benci yana gyaran gwangwanin da yake yi wa ƙudan zuma hayaƙi da shi.

"Jiya sun ce wanda ya fita ya mutu," in ji shi, "yau kuma wanda ya zauna ya mutu. Kai ɗan nan, je ka tambayo su a ina suke so in mutu. Tara mu za su yi a aji su kulle, mai lasifikar nan ya zagayo ya kwashe min zuma. Na ga irin kallon da yake wa amyoyina."

"Kawu, dubi sama mana!"

"Ido ai kowa na iya ruɗinsa." Ya miƙe, ya juya gabas ya shaƙa, ya juya yamma ya shaƙa. "Ko ɗigon hayaƙi babu."

Ni kuwa hayaƙin sai tari yake sa ni.

Inna ta tsura masa ido. Ashe ta kwana biyu tana zarginsa: miya ta ƙone mata, mutumin da ke jin ƙauri tun daga bakin gona ya lashe kwano bai ce uffan ba. Ta shiga ɗaki ta fito da hannu a baya.

"Maigida, rufe ido."

"Ke ma kin shiga kwamitin ne?"

"Rufe dai, tunda hancin naka ne alƙali."

Ya rufe. Ta kara masa tsumman da ta tsoma a kananzir. Daga inda nake tsaye warin ya buge ni. Kawu ya ja, ya sake ja.

"Tsumma ne. Wankakke."

"Da me aka wanke shi?"

"Da sabulu mana."

Ya buɗe ido ya ga kwalbar kananzir a ɗaya hannunta. Ya fizge ta ya kai hanci da kansa, ya daɗe a haka. Sai ya ja da baya.

"Matsa can," ya ce mata a hankali. "Kada ki ƙara zuwa kusa da ni."

Ya ɗaure fuska da tawul, ya haye bayan mota shi kaɗai, Inna ta shiga gaba. Muna tafe toka na sauka a kafaɗunsa, bai waiwayi gonar ba.

Wuta ta cinye amyoyin bakin daji, ta bar gidan. A makaranta malamar asibiti ta ware masa aji, ya warke, amma hancin rabi ya dawo. Yanzu in ya fito da safe ya ɗaga kai sama, sai ya faki idon mutane ya tambayi Inna, "Kina jin wani abu?"

In ta ce babu, sai ya daɗe yana kallonta.

"Ki rantse."