Igiyar Takalmi a Tasha ta Tara

Yayana mutum ne da idan ya kafe a kan abu, gara ka je ka tura bango. Malamin wasanni ne a makarantar sakandare har ya yi ritaya. Maimakon ya zauna ya miƙe ƙafa kamar sauran tsofaffi, sai ya ƙirƙiro tseren gudu na kilomita ɗari da sittin, kwana biyu, ta cikin duwatsu da rairayi. Ranar da ya faɗa mini na ce, "Yaya, mutane za ka kashe?" Ya ce, "Kai su zan yi in dawo da su." Yau shekara goma sha ɗaya, kuma ni mai surutun ce nake riƙe masa tasha ta tara, inda masu gudu ke shan ruwa.

Falonsa ba wurin zama. Jarkoki a bayan kujera, taswira a kan tebur, jan ƙyalle a nannaɗe har cikin kabad ɗin kwanuka. Matarsa kan ce ta auri miji ta tare a sito. Kafin kowane tsere shi da kansa yake taka hanyar, kwana shida, yana ɗaura ƙyallen a jikin itatuwa don kada kowa ya ɓata. Da gwiwar da likita ya ce a hutar da ita, fa. Haushi yake ba ni, amma wallahi ban taɓa ganin mai riƙon amanar rayukan mutane kamarsa ba.

A tashata, saura kilomita ashirin a gama, yana da doka guda. Kowa zai kwance igiyar takalminsa ya sake ɗaurawa a gabansa cikin minti ɗaya. Ya ce idan rana da ƙishirwa suka fara taɓa kan mutum, bakinsa zai rantse maka lafiyarsa ƙalau, amma yatsunsa za su tona shi. Wanda ya kasa, Yaya ne zai durƙusa ya ɗaura masa, kuma da ya taɓa igiyarka, tserenka ya ƙare. Na ga ƙarti suna kuka, na ga wanda ya zage shi tas. Ruwa kawai yake miƙa musu.

Bara 'yarsa ta fari ta shiga. Nas ce, a gida Barewa muke ce mata. Shekara uku tana shiri, kullum kafin ta tafi asibiti sai ta yi gudu, don ba macen da ta taɓa kammala tseren nan, kuma ta ci alwashin ita ce za ta fara.

Ta iso wajen ƙarfe uku na rana, leɓɓanta a farfashe, tana murmushi. Na miƙa mata kofin ruwa.

"Gwaggo, saura kaɗan," in ji ta.

"Saura kaɗan, 'yata. Zauna."

Ta zauna a benci, ta kwance igiyar. Yaya ya danna agogo. Ta kama bakin igiyar, ya suɓuce. Ta sake kamawa, ta yi madauki, ya warware. Yatsunta sai rawa suke, ita kuma tana kallonsu kamar na wani.

Na matsa kusa da shi na yi ƙasa da murya. "Yaya, ba kowa a nan sai mu uku. Ka ƙara mata minti ɗaya mana."

Ko kallona bai yi ba. A lokacin, gaskiya, na tsane shi.

Agogo ya yi ƙara. Ya sa shi a aljihu, ya dafa benci, ya sauka a kan gwiwar nan tasa a hankali.

Barewa ta janye ƙafarta. "Baba, kada ka taɓa. Don Allah. Zan iya."

"Na san za ki iya," ya ce. "Amma ba yau ba."

"Shekara uku, Baba."

"Na sani. Ina ƙirgawa tare da ke."

Ya miƙa hannu, ya jira. Ta daɗe tana kuka kafin ta turo masa ƙafar. Ya fara ɗaurawa, sai na ga nasa hannun ma rawa yake. Sau uku yana gwadawa kafin igiyar ta ɗauru.