Baƙin Kek ɗin Baba

Duk sanda na ji ƙamshin man shanu yana narkewa da cakulan, sai in gan ni a Nassarawa, ina 'yar yarinya a ƙofar kicin.

Babana kuku ne. Ya daɗe yana yi wa wani Bature girki, mu kuma muna zaune a boyis kwata, gindin mangwaro. Da aka samu 'yancin kai Baturen ya tafi, aka ba wani Alhaji gidan. Hajiyarsa ba ta ɓoye ba, ta ce ba ta saba namiji ya taɓa mata tukunya ba, bayan Babbar Sallah mu nemi wani wurin. Innata har ta fara ɗaure kaya.

Baba ba mai roƙo ba ne. Washegarin Sallah sai ya hura murhun ƙarfen da Baturen ya bari, ya yi abin da ya saba yi wa Baturen duk Kirsimeti. Ya kaɗa ƙwai da sukari, ya zuba narkakken cakulan da 'yar fulawa, ya barbaɗa gyaɗa. Kek ɗin ya fito baƙi ƙirin, samansa a tsattsage, cikinsa da danƙo.

Hajiya ta leƙa tiren. "Malam, ai wannan ya ƙone, kuma bai tashi ba."

"Haka yake, ranki ya daɗe."

"To, kada ya je gaban baƙi."

Na tausaya wa Baba sosai. Amma a baranda akwai mahaifiyar Alhaji, tsohuwa ba haƙori ko ɗaya, ana ta tura mata soyayyen nama da cincin tana kallo. Ƙamshi ya kai mata, ta sa aka kawo. Ta latsa da yatsa, ta yi bisimilla, ta cinye yanka biyu.

"Tun jiya ake ba ni abincin masu haƙora," in ji ta. "Wa ya tuna da ni?"

"Kuku ne, Iya, wanda zai tafi," in ji Hajiya.

"Zai tafi ina?"

Da yamma Inna ta kwance kayanta, kuma daga gidan nan aka kai ni ɗakin miji.

Yanzu kek ɗin ya cika kantunan Kano, jikokina ma a leda suke sayowa. Ni dai tiren Baba nake ɗaukowa duk Sallah. Bana da aka miƙo mini nama, na juya shi, na juya, sai na ce a ba ni baƙin kek ɗin nan.