Ajamin Wada a Hanyar Hawata

Wada ya shekara goma sha tara yana awon riɗi a kasuwar garin Gadarif. Bai taɓa hutu ba sai bara, da ya ɗauki hayar mota zai tuƙa ya kai matarsa Fadimatu ganin kogin Rahad a garin Hawata. Ya tsara tafiyar a takarda da ajami: garuruwa, gadoji, inda za a sha mai.

A wani shinge 'yan bindiga suka ga takardar. Baƙaƙen na Larabci ne, amma sun kasa karantawa.

"Ya zol, kai mutumin nan, wa kake yi wa leƙen asiri?" in ji ɗayansu.

"Wallahi Hausa ce."

Suka farfasa masa hannun dama da gindin bindiga. Fadimatu, da ba ta taɓa tuƙi ba, ita ta ja motar ta kai shi asibiti. Yatsu biyu aka ceto.